Aikin da Ba a Ba Shi Maki



Duk wanda ya tsaya a gadar Kwangila da hantsi zai ga yadda Zariya take rarraba jama'arta. Hanya ɗaya ta nufi Kano, ɗaya ta miƙa Kaduna, ɗaya ta bi ta gefen Hanwa ta wuce Samaru da Shika har Funtuwa, wata kuma ta gangara PZ da Sabon Gari. Direban da ya ɗauko masara daga Giwa da mai Keke Napep ɗin da ya kwaso ɗalibai zai kai su Kongo, kowannensu da lissafin da yake yi a ransa: ta ina zan bi in isa da wuri, man da na sha kuma ya kai ni? Idan mota ɗaya ce, ƙwaƙwalwar direba ta wadatar. Amma a ce taki ko allurar rigakafi za a raba wa ƙauyuka da dama, nan lissafi yake fin ƙarfin kai. Ƙauyuka 10 kacal, in ka ce sai ka gwada kowane jeri na wanda za a fara da shi da wanda zai biyo baya, jeri 3,628,800 ke jiranka. In suka kai 20, ko kwamfuta ka ba ta gwada su ɗaya bayan ɗaya, sai ka tsufa kana jira.

Wannan matsala tana da iliminta, kuma ba yau aka fara shi ba. A shekarar 1956 wani matashi ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya tsara dabarar gano hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu, ya gwada ta a kan taswirar garuruwa 64 na ƙasarsu, aka buga ta a 1959. Jikokin wannan dabara ne ke nuna maka hanya a wayarka yau. A Amurka kuwa, a 1955, wasu masu bincike biyu, Harris da Ross, sun rubuta wa rundunar sojan sama rahoton sirri kan layin dogo na Tarayyar Sobiyet da Gabashin Turai. Sun zana shi a matsayin mahaɗa 44 da layuka 105, suna neman sanin nauyin kayan da layin zai iya ɗauka, da kuma inda ya fi shaƙewa, wato inda in an datse shi komai zai tsaya. Daga nan Ford da Fulkerson suka fitar da dabararsu a 1956. Abin da aka faro don shirin yaƙi, shi ne a yau injiniya ke amfani da shi ya gano inda layin sadarwa ko hanyar jigilar kaya ta cushe. A 1955 ɗin dai Harold Kuhn ya fito da hanyar raba ayyuka ga ma'aikata, kowa ya sami wanda ya fi dacewa da shi, ya kuma jingina ta ga ƙasar Hangari domin a kan aikin masana biyu na can, Kőnig da Egerváry, ya gina ta.

Ba kowa ne zai zauna ya sake rubuta waɗannan dabaru tun daga tushe ba. Masana sun rubuta su cikin harsunan kwamfuta, suka tara su wuri guda, ya zama taskar da mai rubuta manhaja zai shiga ya ɗauki abin da yake bukata. Ɗaya daga cikin irin waɗannan taskoki ita ce LEMON, wadda aka rubuta da harshen C++ a Jami'ar Eötvös Loránd da ke Budapest, a hannun rukunin bincike mai ɗauke da sunan Egerváry ɗin nan. Buɗaɗɗiya ce: kowa na iya sauko da rubutunta na asali, ya karanta, ya gyara, har ya sa ta cikin hajar da zai sayar, ba tare da biyan ko kwabo ba. Tana ƙarƙashin inuwar COIN-OR, shirin da kamfanin IBM ya assasa a shekarar 2000 don tara irin waɗannan kayan lissafi. Masu harkar sun san ta da sauri, musamman wajen lissafin kai kaya daga rumbuna zuwa masu bukata da kuɗi mafi ƙaranci.

Kyauta ce, na ce. To, a nan gizo ke saƙa.

Abin da ɗalibi zai sauko da shi daga intanet ba manhaja ce da za a latsa ta tashi ba. Kamar injin ban ruwa ne da aka aiko maka a warware cikin kwali, kowane ƙarfe da kusa a wurinsa, ba abin da ya ɓace, sai dai ba zai ja ko ɗigon ruwa ba har sai an ɗaure shi yadda maƙerinsa ya nufa. Rubutun manhaja fayil-fayil ne masu yawa. Akwai wata manhaja, kwamfaila, da ke juya su zuwa harshen da na'ura ke ji. Dole a gaya mata wanne za ta fara da shi, wanne ya dogara da wanne, a ina za ta samo wasu taskokin da wannan take jingina da su, a ina kuma za ta ajiye abin da ta gama. Wannan umarni shi ne tsarin harhaɗawa, kuma shi ma rubutu ne da wani ɗan Adam ya zauna ya yi.

Tun a 1976 Stuart Feldman ya ƙirƙiro manhajar Make a ɗakin binciken Bell don wannan aiki. Da kwamfutoci suka yawaita iri-iri, wannan na Windows, wancan na Linux, wani na Mac, sai kamfanin Kitware ya fito da CMake a shekarar 2000. Aikinta shi ne ta fara bincikar na'urar da ke gabanta. Wace kwamfaila ce a nan? Akwai GLPK, taskar warware lissafin da LEMON kan yi aiki da ita in ta same ta? In akwai, a haɗa da ita. In babu, a tsallake wannan sashe a ci gaba. A takardar girkawa ta LEMON matakan ba su da yawa: ka buɗe jaka ta daban don harhaɗawa, ka kira CMake, ka kira Make, ka gudanar da gwaji don ka tabbata abin ya ɗauru daidai, in kana so ka fitar da littafin bayani, sannan ka girka. A takarda, aikin minti kaɗan ne.

A aikace kuwa, lokaci yana cin tsarin harhaɗawa fiye da yadda yake cin lissafin kansa. Dabarar Dijkstra tana nan yadda take tun 1959. Amma fitowar LEMON mai lamba 1.3.1, wadda aka fi yawo da ita, ta shekarar 2014 ce, kuma duniyar da ke kewaye da ita ba ta tsaya jiranta ba. Sabon ma'aunin harshen C++ na shekarar 2020 ya cire wasu tsofaffin umarnai na ware wurin ajiya waɗanda LEMON ke kira, saboda haka wanda ya ce wa kwamfailarsa ta bi sabon ma'auni sai ya ga allo ya cika da saƙon kuskure. A 2025 kuma CMake ta 4.0 ta daina karɓar duk aikin da ya bayyana cewa da sigar da ke ƙasa da 3.5 aka tsara shi, tsofaffin taskoki da yawa suka ƙi ɗauruwa a kan layi ɗaya tak na rubutu. Har da wani tarko na ban haushi: mai amfani da Ubuntu, wani nau'in Linux, da ya nemi kunshin da ake kira lemon kawai, wata manhaja ce daban zai samu, wadda ba ruwanta da lissafin hanyoyi. Wadda yake nema sunan kunshinta liblemon-dev. Manyan ayyuka irin su OpenROAD, masu manhajar zana ƙananan sassan lantarki, sun warware tasu matsalar ta hanyar ajiye kwafinsu na LEMON. Su suna da ma'aikata.

Yanzu mu ɗauko ɗalibar ajin ƙarshe da ke haya a Hanwa, wadda aka ba ta furojet kan rarraba kaya ko tsarin bututun ruwa. Laftof ɗinta ta hannu ce, batirin ba ya daɗewa, data da kuɗin cefane take saye. Ta bi takardar girkawa sau da ƙafa, abu ya ƙi. Saƙon da ya fito ya fi layi ɗari, ba ta san wanne ne uwar matsalar ba. Ta nemi bayani, aka ce ta sauko da wata kwamfaila mai nauyin gaske. Tana tsakiyar saukewa aka ɗauke wuta. Mako biyu sun tafi ba ta taɓa lissafin da aka sa ta yi ba. Abin da ya fi ciwo shi ne hukuncin da za ta yanke wa kanta, cewa kanta ne bai ja. Alhali layi biyu na bayani, a ce in kana amfani da siga kaza ka ƙara umarni kaza, da sun raba ta da wannan wahala. Ban ɗora wa mutanen Budapest laifi ba. Sun yi aiki mai kyau sun bayar sadaka, ba su ci bashin kowa ba. Sai dai kyauta ba ta isa hannun wanda aka yi wa ita sai ya iya tayar da ita.

Shi ya kawo mu ga takardun bayani. LEMON, kamar taskoki da yawa na C++, tana amfani da Doxygen, manhajar da Dimitri van Heesch ya fitar a 1997. Hikimarta ita ce mai rubuta manhaja ya riƙa sa bayani a jikin rubutun nasa, kusa da kowane sashe, ita kuma ta tattaro su ta mayar da su shafukan karatu. Amfanin haka a fili yake, domin wanda ya canza sashe yana ganin bayaninsa a gabansa, da wuya ya manta bai gyara ba. Amma irin wannan littafi na wanda ya riga ya san abin da yake nema ne. Zai faɗa maka kowane umarni da abin da yake karɓa da abin da yake mayarwa. Ba zai kama hannun baƙo ya ce masa ga taswirar garuruwa biyar, ga yadda za ka shigar da ita, ga amsar da ya kamata ka gani ba. Wannan rubutu na biyu, na kama hannu, shi ya fi wahalar yi, don wanda ya gwanance ya riga ya manta da wuraren da ya yi tuntuɓe yana koyo.

Kada a ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A binciken da GitHub ta yi a 2017 tsakanin masu harkar buɗaɗɗiyar manhaja, kashi 93 cikin 100 sun ce suna cin karo da bayanan da ba su cika ba ko suka tsufa, amma kashi 60 na masu ba da gudummawa sun ce da wuya su taɓa rubuta bayani, wasu ma ba su taɓa ba. Kowa na kuka da rashin abin, kowa na gudun yin sa. A Jami'ar Arizona kuma, Christian Collberg da Todd Proebsting sun bi maƙalu 601 na ilimin kwamfuta da aka buga a manyan taruka da mujallu, suna neman manhajar da aka yi binciken da ita don su harhaɗa ta. Cikin waɗanda suka gwada, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu suka ɗaure cikin rabin sa'a. Waɗannan fa furofesoshi ne da ɗalibansu a jami'o'in da ba a ɗauke musu wuta.

Dalilin bai ɓoyu ba. Ba a ba wannan aiki maki. Wanda ya ƙirƙiro sabuwar dabara yana da maƙala da ƙarin girma. Wanda ya kwana uku yana gyara fayil ɗin CMake don abin ya tashi a kwamfutar da ba tasa ba, ko godiya ba lalle ya samu ba.

A nan gida abin ya ɗauki wata kama. Zariya gari ne da Allah ya hore wa masu wannan ilimi. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da cibiyar kwamfuta mai sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya taɓa shugabantar jami'ar. Ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, wadda aka kafa a 1986, harkarta kacokan hanyoyi ne da jigila. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Kowace shekara ɗalibai a manyan makarantun ƙasar nan suna rubuta manhajoji kan hanya mafi kusa, da jadawalin jarrabawa, da rabon wutar lantarki. Amma dubi yadda al'adar miƙa furojet take a kusan ko'ina. Ana kai littafin wurin masu ɗaure takardu a yi masa bango mai kauri da rubutun ruwan zinare. Rubutun manhajar ana buga shi a shafukan ƙarshe, wani lokaci a liƙa faifai a bayan bango. Ba a rubuta da wace kwamfaila aka yi ba, ko da wace sigar taska, ko daga ina aka samo taswirar. Mai aikin ya tafi bautar ƙasa, laftof ta mutu ko an sayar. Bayan shekara biyu wani ɗalibi ya zo da irin wannan batu, ya buɗe littafin, ya ga ba abin da zai iya tayarwa, ya koma ya fara daga farko. Haka ake ta haƙa rijiya ɗaya ana cike ta.

Kuma bukatar tana nan a ƙasa. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna, an zana taswirar ƙauyuka da rugage na Arewa daga hotunan tauraron ɗan Adam, aka ba masu allura wayoyin da ke nuna inda suka taka, aikin da ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano ta taka rawa a cikinsa, har aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020. Taswirar OpenStreetMap kowa na iya ɗauka kyauta. EPANET, manhajar lissafin bututun ruwa da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar, ita ma ba a saye. Kayan aiki sun samu, taswira ta samu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da za su iya ɗaure su wuri guda, su kuma rubuta yadda suka yi don ma'aikacin hukumar ruwa ko na sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya maimaita bayan sun tafi.

Na san wani matashi zai ce, Malam, ai wannan tsohon zance ne. Yanzu da harshen Python umarni ɗaya ya isa ka girka NetworkX ko OR-Tools ta Google, in abu ya cije kuma ka tambayi manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira mai ba da amsa. Gaskiya ne, kuma ga ɗan koyo ni ma nan zan ce ya fara. Sai dai umarni ɗayan nan yana aiki ne saboda wasu sun riga sun sha wahalar harhaɗawa sun ƙunshe maka a shirye. Ranar da na'urarka ta fita daga jerin waɗanda suka tanada, ka dawo gidan jiya. NetworkX tana da daɗin koyo, amma in mahaɗa suka kai miliyoyi tafiyarta takan yi nauyi, dole a koma ga irin su LEMON. Ita kuwa manhaja mai ba da amsa, daga abin da mutane suka rubuta ta koya. In bayanin da ke duniya tsoho ne, tsohon za ta miƙo maka, da cikakken ƙarfin hali.

Akwai abin da nake ganin matasanmu ba su lura da shi ba. Ɗalibar nan ta Hanwa, da tsohuwar laftof da datar da ake aunawa, ita ce ta fi kowa dacewa da gwada takardar girkawa. Wanda ya rubuta takardar yana da intanet da ba ya yankewa, na'urarsa kuma an riga an girka mata komai, saboda haka ba zai taɓa ganin ramukan da ke cikin bayaninsa ba. Ita ce ke faɗawa cikinsu. In ta rubuta wa masu kula da aikin ta ce ga irin na'urata, ga sigar kwamfaila da ta CMake, ga umarnin da na buga, ga saƙon da ya fito, to ta ba da gudummawa ta gaske. In ta gano gyaran ta aika da shi aka karɓa, sunanta ya shiga tarihin aikin, inda duk mai neman ɗaukar ma'aikaci a ko'ina zai iya dubawa ya gani. Da yawa daga cikin masu riƙe da manyan ayyuka ta wannan ƙofa suka shiga. Ga malamai masu neman abin da zai shiga takardar ƙarin girma kuma, akwai mujallar JOSS da aka fara a 2016, wadda manhaja take tantancewa, kuma masu dubawarta sai sun girka abin da hannunsu sun karanta bayaninsa kafin su amince. Ba ta karɓar kuɗin bugawa. Akwai Zenodo ta cibiyar CERN, inda za ka ajiye manhajarka kyauta a ba ta lambar da za a riƙa ambatonta da ita kamar maƙala.

Sai batun harshe, wanda a Zariya bai kamata ya zama baƙo ba. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, a nan kuma Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah don su bayyana wa mai karatun Hausa kimiyyar halittu. Ban ce a fassara dubban shafukan Doxygen ba. Kafin a gama sun tsufa, kuma mai wannan sana'a ba makawa sai ya iya karanta Turanci. Abin da zai yi amfani shi ne jagorar matakin farko, shafi biyar ko shida, da Hausar da ake magana da ita a Samaru da Tudun Wada: ga abin da za ka sauke da nauyinsa don ka san datar da za ka tanada, ga abin da za ka iya kwafa daga filas ɗin abokinka ba sai ka hau intanet ba, ga saƙon kuskuren da za ka gani yadda yake a allo, ga abin da yake nufi. A sa mata kwanan wata da lambar sigar da aka gwada ta da ita, don wanda ya zo bayan shekara uku ya san ko har yanzu tana da rai.

Ga sassan kwamfuta da injiniya kuwa, shawarata ba ta cin ko sisi. Ranar kare furojet, kafin ɗalibi ya buɗe baki, a ɗauki manhajarsa da takardar bayaninsa a miƙa wa wani ɗan aji biyu, a zaunar da shi gaban kwamfutar da ba a taɓa girka aikin a kanta ba. Mai furojet ya zauna a gefe ya harɗe hannu, ba nuni, ba raɗa. A ba ɗan aji biyun rabin sa'a. In abin ya tashi ya fitar da amsar da ke cikin babi na huɗu na littafin furojet ɗin, a ba da maki goma daga cikin ɗari. In bai tashi ba, a rubuta layin da aka maƙale a mayar wa mai shi, ya gyara kafin a sa hannu a kan littafinsa.